Jita a Ɗakin Magidanci Ba Abin Kunya Ba Ce

A garinmu idan magidanci ya ce yana fita buga ƙwallo da yammacin Asabar, ba mai tambayarsa ko Kano Pillars ce ke shirin ɗaukarsa. Kowa ya san ransa ne ke so. Mai kiwon tattabaru a saman soro ba a tuhumarsa, haka ma masu dara a gindin darbejiya. Amma ranar da aka ga jita jingine a ɗakinka, tambayar farko ita ce, "Malam, roƙo za a fara ne?" In mai tambayar na da sauƙin kai, sai ya ce, "To yaushe za a shiga situdiyo?"

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ina da iyali, kuma sai da na haura shekara arba'in na fara koyon jita. Ban taɓa kaɗa wa kowa don ya ba ni ko sisi ba, ba ni da niyyar yi. Abin da nake son karewa a wannan shafi shi ne 'yancin mutum ya mallaki abin kiɗa, ya koye shi, ya kaɗa wa kansa a ɗakinsa, ba tare da an sauke shi daga matsayinsa na mutumin kirki ba.

Tambayar roƙon nan tana da asali. A tsarin zaman Bahaushe kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da fawa da wanzanci. Akwai gidan makaɗa, akwai masu gidansu da suke yi wa kiɗa: sarki, ko manomi, ko ɗan dambe, ko mahauci. Makaɗi ya kaɗa, a yi masa kyauta. Wanda ba gadonsa ba ne kuwa, in ya ɗauki ganga, ya zubar da girman gidansu. Mamman Shata kansa bai tsira daga wannan ba, domin mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, tunda ba sana'ar gidan ba ce. Shata ya rasu a 1999 yana abin alfaharin duk mai jin Hausa, amma har yau iyaye da yawa da ke sauraronsa a mota ba za su yarda ɗansu ya taɓa kalangu ba. Tsarin ya tanadi gurbin makaɗi da gurbin mai sauraro. Gurbi na uku, na mutumin da ke da sana'arsa daban amma yake kiɗa don jin daɗinsa, shi ne ba mu tanada ba, kuma a ganina mun yi asara.

Akwai wata tambayar da ta fi wannan nauyi, ba zan tsallake ta ba. Mafi yawan malaman mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan hana kayan kiɗa masu tsirkiya. Ibn Hazm na Andalus ya saɓa musu, a zamaninmu kuma Sheikh Yusuf al-Qaradawi ya halatta bisa sharuɗɗa a littafinsa Al-Halal wal-Haram fil-Islam. Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Wanda ya bar kiɗa don tsoron Allah ina girmama shi ƙwarai, ba na kaɗawa a gabansa, in ya zo gidana ma jitar tana cikin jakarta. Sai dai akasarin masu yi mini kallon raini ba wannan ne dalilinsu ba. Wayoyinsu cike suke da waƙoƙi, su ne kan gaba wajen liƙi a gidan biki. Sautin suna sonsa, hannun da ke fitar da shi ne suka raina. Da su nake magana.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Mu dubi arewa da mu, wajen Abzinawa. An haifi Mdou Moctar a yankin Tawa ta Nijar, ya taso a gidan da ba a son kiɗa, ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Kundin waƙoƙinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da salon situdiyon da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da shi, daga nan waƙoƙin suka bi wayoyin salula suka ratsa Sahara. Bombino na Agadas shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar kyautar Grammy, da kundinsa Deran na 2018. Tinariwen na Mali sun ci kyautar ma a 2012. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad da jitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta, a wurin da ba a saba ganin mace riƙe da ita ba. Su ma Abzinawa suna da rukunin maƙeransu da mawaƙansu na gado, amma jita ta shigo musu daga waje, ba ta gidan kowa ba ce, don haka kowa ya iya ɗaukarta. Abin da ya fi burge ni a labarinsu ba kyaututtukan ba ne. A bayan kowane Bombino akwai samari bila adadin da ke zaune gefen tukunyar shayi suna karɓa-karɓa da jita guda, ba wanda zai taɓa jin sunansu. Daga irin wannan taron ake samun gwani. Mu kuwa muna son gwanaye, amma mun hana taron.

Ga inda hakan ya kai mu. Tun ƙarshen shekarun 1990 kiɗan finafinanmu ya koma kan fiyano, yawanci ƙirar Yamaha, daga baya kuma kwamfuta. Mutum ɗaya a ɗaki ɗaya yana danna maɓalli, sautin goge ya fito, na sarewa ya fito, na kalangu ya fito. Ba na zagin wannan fasaha, ta ciyar da gidaje da yawa. Amma yaro zai iya girma a Kano yau, ya ji waƙa dare da rana, bai taɓa ganin tsirkiya tana rawa a ƙarƙashin yatsa ba. Alhali mu mutanen tsirkiya ne. Muna da garaya ta maharba, da molo, da gurmi irin na Haruna Uji, da goge da kukuma. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak a kan kuntigi ya zagaya duniya kafin rasuwarsa a 2015. Kunnen da ya saba da waɗannan ba baƙo ba ne a wajen jita.

To, yaya koyon yake? Da farko da zafi. Tsirkiya shida ce, kana danne su da kan yatsun hagu a tsakanin ƙarafan da aka gicciya a wuyanta, dama kuma tana kaɗawa. Makonnin farko kan yatsun nan za su yi ja, su yi tsami, har riƙe alli sai na ji shi. Daga baya su yi kanta, zafin ya tafi. Bayan zafi sai jinkiri: ƙwaƙwalwa ta san inda yatsu za su je, su kuma suna isa a makare, sautin ya fito a dakushe. Yawancin masu bari a nan suke bari. Maganinsa kaɗan-kaɗan ne kullum. Minti goma sha biyar bayan sallar isha'i kowane dare ya fi awa uku ranar Lahadi, domin hannu da maimaici yake haddacewa. Wata rana kawai za ka lura yatsun sun sauka inda ya kamata ba ka dube su ba. Ban san wani farin ciki mai arha da ya kai wannan ba, musamman ga mutumin da ya daɗe da ɗaukar cewa shekarun koyon sabon abu sun wuce shi.

Da yake lissafi nake koyarwa, akwai abin da ya ƙara ɗaure ni da ita. Idan ka danne tsirkiya a kan ƙarfe na 12, ka raba tsawonta biyu daidai, sautin da zai fito shi ne na farko amma a sama, domin tana karkarwa ninki biyu. A ƙarfe na 7 kashi biyu cikin uku na tsawon ne ke karkarwa, a na 5 kuma uku cikin huɗu. Tazarar ƙarafan tana raguwa a kan ƙa'ida ɗaya tun daga sama har ƙasa. Wannan dangantaka tsakanin tsawo da sauti ita ce ake jingina ganowarta ga Pythagoras, wanda ɗalibaina suka sani da alwatika kawai. Ranar da na kai jitar aji da izinin shugaban makaranta, na sa su auna da rula, yaran da kason lamba ke ba su tsoro sun ji rabi da sulusi da kunnensu. Wasu cikinsu har yanzu da wannan darasin suke tuna ni.

Ga mai son saye, shawarata kada ya fara da mafi arha a shago. Jitar da aka yi don ado, wadda tsirkiyarta ta yi nisa da wuya, tana kashe sha'awa fiye da komai, domin sai ka danna da ƙarfin tsiya kuma sautin ba zai daidaita ba. Gara ta hannu mai kyau da sabuwa marar kyau. A shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari ana samun irin su Yamaha C40 mai tsirkiyar roba, wadda ta fi sauƙi ga yatsun ɗan koyo, da F310 mai ta ƙarfe, wadda ta fi amo. Ka je da wanda ya iya, ko da mai kaɗa wa coci ne, domin 'yan'uwanmu Kirista a Jos da Kaduna da Kano sun daɗe da riga mu a wannan fanni, kuma ban taɓa tambayar ɗayansu ya yi mini rowar sani ba. Ya duba ko wuyan ya lanƙwashe, ya bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya ya ji ko akwai mai zuza. Saita tsirkiya kuwa yanzu manhajar waya kyauta tana yi. Kuma guda ɗaya ta isa. Na san masu hali da suka jera uku ko huɗu a bango, ƙura ta rufe su, suna jiran wadda za ta koya musu da kanta. Ni sai da na shekara ina fama da ta roba kafin na ƙara ta ƙarfe, kuma har yau ta farkon nake fara ɗauka.

Abin da littattafan koyo ba sa faɗa wa ɗan Arewa shi ne hunturu. Jita katako ce siriri da aka manna da gam, masu ƙera ta suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A watan Janairu a Kano ko Damagaram danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon sai ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana karce hannu, fuskar jitar tana iya tsagewa. Ka riƙa ajiye ta a jakarta, ka sa soso mai ɗan danshi a cikin robar sabulu da ka huda, ka saka tare da ita ba tare da ruwa ya taɓa katakon ba. Kada ka bar ta a mota da rana a watan Afrilu, gam ɗin zai saki. Da damina kuma tsirkiyar ƙarfe tsatsa take yi, sai a riƙa goge ta da ƙyalle bayan an gama.

Darussan YouTube suna da amfani, da su na fara, amma suna da inda suke kai mutum. Za su koya maka haɗa sautuka uku ko huɗu a lokaci guda, ka riƙa sharɓa su kana raka waƙar Amurka ko ta Ingila. Kiɗanmu ba haka aka gina shi ba. Yawancin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, kuma ƙarfinsu yana cikin karin da ke bin hawa da saukar maganar Hausa, da ɗan gajeren zubi da ake maimaitawa kamar yadda 'yan amshi ke yi. Shi ya sa salon Abzinawa ya fi kusa da mu: babban yatsa yana riƙe da tsirkiya mai kauri tana gunji, sauran yatsu suna zana karin a kan sirara. Daren da na fara lalubo karin wata waƙar gaɗa da mahaifiyata ke yi, a kan tsirkiya biyu kawai, uwargidana ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, ina ka samo wannan?" Ta ƙarasa waƙar da bakinta. 'Yarmu ta tsakiya, wadda ba ta taɓa jin ta ba, yanzu ta iya ta, kuma ta fara karɓar jitar daga hannuna.

Ba na cewa jita ta maye gurbin gurmi ko molo. Da akwai inda ma'aikaci zai je da yamma ya biya kuɗi a koya masa gurmi, da na je. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, inda ake koyar da kayan gargajiya da na zamani a ƙarƙashin rufi ɗaya. Jihohinmu suna da hukumomin raya al'adu, suna da gine-gine, suna da makaɗa a cikin ma'aikatansu da ba a nemansu sai ranar da babban baƙo zai zo. A ware ɗaki guda da yamma, a sa mai gurmi da mai molo da mai jita, a buɗe rajista ga tela da nas da malamin makaranta da 'yan fansho, maza da ranarsu, mata da tasu. Kuɗin rajistar zai biya masu koyarwar, kuma tsofaffin makaɗan da 'ya'yansu suka ƙi gadon za su sami wanda za su miƙa wa abin da ke hannunsu.