Dillancin tufafi: amana ba ta hana rubutu

Duk lokacin da sallah ta gabato, ko hunturu ya kunno kai, ko yara za su koma lekwal a watan Oktoba, rumfunan ƴan bosho da shagunan dillalan tufafi suke cika maƙil a biranenmu. Daga Babbar Kasuwa da kasuwar Wadata a Yamai, zuwa kasuwar Dole a Damagaram da kasuwannin Maraɗi da Tawa da Birnin Ƙonni, nan talaka yake suturta iyalinsa. Sai dai kuma a daidai wannan lokaci ne koke-koke suke yawaita, a gidajen rediyo da majalisun unguwa da wuraren biki, game da yadda wasu masu wannan sana'a suke wulaƙanta mutanen da suke ciyar da su.

Jama'a masu karatu, mutum biyu ne suke kuka, mai kai kaya da mai saye. Bari mu fara da na farko, domin nasa ciwon ya fi zafi, kuma shi ne wanda ba a cika jin muryarsa ba.

Kowa ya san yadda abin yake. Mace tana da turmin atamfa ko leshi da ta ɗaura sau biyu sau uku, ko magidanci yana da babbar riga ta shadda a ƙasan akwati. Sai buƙata ta taso: likita ya rubuta magani, ko mai gida yana jiran kuɗin haya, ko ranar zubin adashe ta zo. Sai a ɗauki kayan a ba dillaliya, ko a kai shagon da ke karɓar ajiya don sayarwa, a yanka kuɗi da baki, a ce in an sayar mai shago ya cire la'adarsa. Babu takarda, babu shaida, babu ranar da aka tsayar. Daga nan sai a shiga je-ka-ka-dawo. Yau a ce ba a taya ba, gobe a ce an saya amma bashi ne, jibi a ce mai shago ya yi tafiya, yaronsa kuma bai san zancen ba. Wani lokaci a sayar da zane jika goma sha biyar, a ce wa mai shi jika tara aka samu, a kuma cire la'ada cikin taran. Wani lokaci kayan su dawo bayan wata uku, rana ta cinye launinsu, ko ɓera ya huda su, babu ko ban haƙuri.

Me ya sa mai kaya yake shiru? Kunya. A al'adarmu, sayar da suturar jiki abu ne na rufin asiri. Matar da ta kai leshinta ba ta son kishiya ko dangin miji su ji, balle ta tsaya tsakiyar kasuwa tana ɗaga murya, ko ta je komisariya ta bayyana halin da gidanta yake ciki. Dillalin da ba ya tsoron Allah ya san haka sarai, kuma da wannan kunya yake cin kasuwarsa. Wannan ya wuce rashin iya tarbar mutane. Cin amanar wanda ya zo neman rufin asiri ne.

Shi ma mai saye bai tsira ba. Rumfa ce mai duhu, an ninke riga yadda ɓarakar hammata ko tabon da ba ya fita zai ɓuya. Ba wurin gwaji. Farashi kuwa sai an dubi fuskar mutum da takalminsa kafin a faɗa. In ka taya ƙasa, a ce maka in ba ka da kuɗi ka ba mutane wuri. In ka je gida ka ga aibi ka dawo, amsa ɗaya ce: abin da ya fita ba ya dawowa. Akwai ma masu cusa kayan zaɓi na uku cikin na zaɓin farko, su karɓi kuɗin na farko.

Ba mu ce duk ƴan wannan sana'a haka suke ba. Akwai dillalai maza da mata da suka shekara ashirin ko talatin suna shiga gidajen mutane ba a taɓa jin kansu da kowa ba, kuma su ne suka fi kowa cutuwa da ɓacin sunan da ɓata-gari suke jawowa. Haka nan mun san wahalar ƴan bosho. Dila a rufe ake sayenta, sai an kwance ake sanin abin da ke ciki, wani lokaci rabinta tsumma. Ga kuɗin duwan, ga patanti, ga tikitin kasuwa na kullum. Bayan da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da suka saba shigowa daga tashar ruwan Kwatano ta Gaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru. Duk wannan gaskiya ne. Amma tsadar hanya ba ta zama hujjar ɓoye aibi ba, kuma ba ta shafi mai karɓar ajiya ba ko kaɗan, tunda shi bai zuba ko dala ɗaya cikin kayan ba. Jarinsa duka amana ce.

Ya kamata mu tuna yadda wannan kasuwa ta kai inda take. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Sabon yadi da ake shigowa da shi ya fi ƙarfin ma'aikaci, balle manomi. Tun daga lokacin bosho ya daina zama abin ɓoyo, malamin makaranta da ɗalibin jami'a da ma'aikacin ofis duk can suke zuwa. Sana'ar da ta zama suturar yawancin ƴan ƙasa ba ta kamata a bar ta ba tare da ƙa'ida ba.

Ƙa'idar kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wadda ke cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu ya bayyana cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayar da shi. A ɓangaren hukuma ma, Nijar tana da dokar kare haƙƙin masu saye tun 2015. Abin da ya rage shi ne a sauko da waɗannan daga cikin littafi zuwa bakin rumfa.

Don haka muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa da sarakunan dillalai da su wajabta resi ga duk wanda ya karɓi kayan wani don sayarwa. A rubuta irin kayan da halin da suke ciki, da mafi ƙarancin kuɗin da mai su ya yarda a sayar, da la'adar da za a cire, da ranar da za a biya ko a maido. Kaye ɗaya da bik ɗaya sun isa. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba, ga salula a hannu: a ɗauki hoton kayan, a naɗi muryar yarjejeniyar a gaban shaida. Ga mai saye kuma, a tsayar da ƴan kwanaki sanannu da zai iya maido da kaya in ya ga aibin da ba a nuna masa ba.

Ma'aikatun magajin gari da suke karɓar haraji a kasuwanni su ma suna da nauyi a wuyansu. Su tanadi wuri, tare da shugabannin kasuwa, inda za a saurari irin wannan ƙara cikin sirri, a kuma sa mace cikin masu sauraro, domin mata ne suka fi shiga wannan hali. Ƙungiyoyin kare masu saye sun nuna ƙarfinsu a watan Maris na 2005, lokacin da suka tsayar da birane cak saboda harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da aka ɗora wa kayan masarufi, har gwamnati ta janye shi daga kan madara da fulawa. Muna roƙonsu da su dubi wannan ƙaramar cuta ta yau da kullum, wadda ba ta fitar da mutane kan titi amma tana sa hawaye a cikin ɗaki.

Ku kuma ƴan'uwa masu kai kaya, neman takarda ba zargi ba ne. Dillalin kirki ba zai ji haushi ba, domin ita ce za ta wanke shi ranar da aka yi mantuwa ko gardama. Wanda ya murtuke fuska don an ce ya rubuta, ya riga ya gaya muku ko shi wane ne. Ku ɗauki kayanku ku yi gaba, kasuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Masu shago kuwa su tuna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wanda aka wulaƙanta yau ba shi kaɗai zai daina zuwa ba, har da duk wanda ya ba labari.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a cikin nemanmu.