Hana Yaro Hausa Ba Ya Koya Masa Karatun Turanci

Fahimtar karatu ita ce mutum ya karanta rubutu ya gane abin da marubuci ke nufi, har ya iya faɗinsa da nasa bakin. Ita ake nema wurin ɗalibi a duk darasin da ake koyarwa da Turanci, daga lissafi zuwa kimiyya, kuma ita ce ta fi wuyar samu a ajujuwan birnin Katsina. Ra'ayin da ya yi rinjaye tsakanin iyaye da masu makarantu shi ne magani ɗaya ne: a fara wa yaro komai da Turanci tun daga nazare, a hana shi Hausa a harabar makaranta, in ya yi "banakula" a rubuta sunansa ko a ci shi tara. Da wannan alkawari makarantun kuɗi da dama ke jan iyaye, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa. A watan Nuwamba na 2025 gwamnatin tarayya ta goya wa ra'ayin baya, da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar harshe ta 2022, wadda ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ya mai da Turanci harshen koyarwa tun daga matakin farko. Ra'ayin kuskure ne, kuma yaran da ake cewa don su ake yi, su yake cutarwa.

A 1986 masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana cewa abu biyu ke haɗuwa kafin a fahimci rubutu: iya mai da haruffa sauti, da sanin harshen da aka yi rubutun da shi. In ɗaya ya ɓace, ɗayan ba ya wadatarwa. Abin da ake gani a aji ke nan kullum. Yaron aji huɗu ya miƙe ya karanta sakin layi tiryan-tiryan, a tafa masa, amma in aka tambaye shi wa ya yi me a labarin sai ya sunkuyar da kai. Uba a gida ya ji ɗansa na rera Turanci, ya ɗauka kuɗin makaranta sun yi amfani. Furuci kawai yaron ya koya, kuma ba a rubuta littafin kimiyya don a furta shi ba.

Ko furucin ma, Turanci ba wurin fara koyonsa ba ne. Haruffansa 26 ne, sautukansa kimanin 44, harafi ɗaya kan fito da sauti uku ko huɗu, wani a rubuta shi amma ba a furta shi. Binciken Philip Seymour da abokan aikinsa na 2003 ya nuna 'ya'yan Turawan Birtaniya kansu kan ɗauki fiye da ninkin lokacin da yaran wasu harsunan Turai ke ɗauka kafin su iya haɗa baƙi. Rubutun Hausa na boko kuwa, duk da ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, kusan kowane harafi sautinsa ɗaya. Yaron da ya san ba, bi, bu zai karanta "babu" a ranar, ya kuma san abin da ya karanta. A nan yake gane cewa rubutu magana ce, kuma in bai ji ma'ana ba to akwai inda ya ɓata, sai ya koma baya. Sau ɗaya ake koyon wannan ɗabi'a, kuma mai ita da ita zai shiga kowane harshe, kamar yadda Jim Cummins ya yi bayani tun 1979. Wanda aka fara wa da harshen da bai ji ba, akasinta yake koya: ya saba da cewa karatu ƙara ce da ake fitarwa don malam ya gamsu, kuma wannan sabo yana da wuyar kankaruwa.

Sai batun kalmomi. Marcella Hu da Paul Nation sun gano a 2000 cewa mai karatu na bukatar ya san kusan 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi ba da taimako ba, wato kalma ɗaya tak baƙuwa cikin hamsin. Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa karanta jarida ko littafin labari na Turanci na bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ɗan Rafindadi yana zuwa aji ɗaya da dubban kalmomin Hausa, na Turanci kuwa 'yan ƙalilan. Hana shi Hausa ba ya ƙara masa kalmar Turanci ko guda. Abin da yake yi shi ne ɗaure bakin malam: maimakon ya faɗi ma'ana cikin daƙiƙa biyu ya wuce ga amfani da kalmar a jimla, sai ya rubuta bayani a allo da kalmomin da suka fi ta farkon wuya, yara su kwafa su haddace. Asarar ba ta tsaya nan ba, domin fahimta na jingine da abin da mai karatu ya riga ya sani game da batun. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka ba yaran Amurka labarin wani wasan ƙwallo na ƙasarsu, sai masu raunin karatu da suka san wasan suka fi gwanayen karatu da ba su san shi ba gane labarin. Yaron da ya shafe shekara shida yana sauraron kimiyya da tarihi cikin harshen da bai ji ba ya rasa ilimin da zai taimaka masa ranar da aka ba shi shafin Turanci kan gurgusowar hamada.

Masu ra'ayin "Turanci zalla" kan kafa hujja da mutanen da, su ce dubi Turancin 'yan Kwalejin Katsina. Hujjar a kansu take komawa. An kafa kwalejin a 1921, gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa, tsohon gininta kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne a Katsina. Gaskiya ne an matsa wa ɗalibanta kan Turanci, musamman lafazi. Amma ba 'yan shekara uku aka kai can ba. Samari ne da suka yi makarantar allo, suka bi ta makarantun elementare da na lardi inda da Hausa ake fara karatu da rubutu, tsarin da aka ɗora tun makarantar Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ta Nasarawa a Kano a 1909. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga kwalejin a 1928, duniya ta san shi da fasahar Turanci, kuma shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Abubakar Imam ya gama a 1932, yana koyarwa a makarantar midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, sa'an nan ya karanta tarin labarai na Larabci da Turanci ya sake ƙera su a Magana Jari Ce. Babu shaidar fahimtar karatu da ta wuce mutum ya karanta abu a wani harshe ya mai da shi nasa har a manta baƙo ne. Ɗaliban kwalejin 'yan kaɗan ne zaɓaɓɓu, suna da ƙwararrun malamai da littattafai, kuma sun iya karatu kafin su nutsa cikin Turanci. Cikin waɗannan sharuɗɗa babu wanda tarar banakula ke samarwa.

An ma gwada koyarwa da harshen uwa a Nijeriya da gangan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife, inda aka koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana darasi mai zaman kansa, aka kwatanta su da waɗanda aka juya wa harshe bayan aji uku. Yaran Yarbancin ba su gaza a Turanci ba, a wasu darussa ma sun wuce. Minista Alausa ya danganta faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da yawan amfani da harshen uwa, amma lissafin bai fita ba. Manufar 2022 shekara uku ta yi, yaron da ya shiga aji ɗaya ƙarƙashinta ko firamare bai gama ba, balle ya zauna WAEC. Tanadin 1977, na koyarwa da harshen gida a ajujuwan farko, mafi yawansa a takarda ya tsaya. Abin da aka daɗe ana yi a makarantun gwamnati shi ne littafi da Turanci, jarrabawa da Turanci, malam ya yi bayani da Hausa ba tsari, yaro ya fita bai iya karanta ko ɗaya da kyau ba.

Katsina na da tata hanyar koyar da karanta baƙon harshe, tun zamanin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina. A karatun zaure almajiri kan ja jimlar Larabci daga Ahalari ko Risala, malam ya fassara ta gaɓa-gaɓa da Hausa, ya nuna mai aikatawa da abin da aka aikata, ya faɗi wanda lamiri ke komawa gare shi, ba a buɗe sabon shafi sai na jiya ya zauna. Ta haka garin ya fitar da malamai masu karanta manyan littattafai da rubuta nasu da Larabci, ba tare da an hana kowa Hausa ba. Hanyar tana da rauni, domin ba ta cika sa almajiri magana da harshen ba, amma a fagen gane rubutu ta fi abin da ake yi a ajin boko da yawa a yau.

Dabarun fahimtar rubutun Turanci sanannu ne, kuma ana iya koyar da su. Kafin karatu a dubi take da hoto, a tambayi yara abin da suka sani kan batun, a koya musu kalmomi biyar ko shida da shafin ya dogara a kansu. Cikin karatu, a saba musu da bin sawun wakilin suna, domin a nan ɗalibai da yawa ke ɓacewa: sun san kowace kalma amma ba su san wa ake nufi ba. A koya musu kalmomin haɗi masu ma'anar amma, duk da cewa, saboda haka, tun da su ke nuna inda marubuci ya juya ko ya yanke hukunci. Doguwar jimlar Turanci kan raba mai aikatawa da aikatau da layi biyu na ƙarin bayani, ta kuma ɓoye mai aikin gaba ɗaya, abin da ɗan Hausa bai saba da shi ba a irin wannan siga. Maganinta a nemo babban aikatau tukuna, a tambayi wa ya yi, sa'an nan a dawo da sauran. Baƙuwar kalma a gwada ta da maƙwabtanta da ɗafe-ɗafenta kafin a buɗe ƙamus. A ƙarshen kowane sakin layi a rufe littafi, ɗalibi ya faɗi abin da ya karanta cikin jimla ɗaya. Annemarie Palincsar da Ann Brown sun tsara irin wannan a 1984 cikin matakai huɗu, hasashe da tambaya da warware duhu da taƙaitawa, inda yara ke karɓar matsayin malam bi da bi. Ga ɗan firamare a Katsina, in ya taƙaita shafin Turanci da Hausa daidai, ya fahimta. In ya maimaita jimlar littafin da Turanci, babu wanda ya san ko ya fahimta.

Abin da ake koya wa 'yan sakandare a darussan share fagen jarrabawa saɓanin haka ne: karanta tambaya, nemo kalmar da ta yi kama da ita a shafi, kwafe jimlar. Dabarar ba ta ko cin jarrabawar. A takardar rubutu ta Turancin WAEC auna fahimta na da maki 20, taƙaitawa 30, wato rabin makin takardar, kuma ana hukunta mai kwafo jimla ɗungurungum a taƙaitawa.

Dabaru ba sa aiki inda ba abin karantawa. A 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai suka zuba littattafan labarai na Turanci kimanin 250 a kowane aji a wasu makarantun karkara na tsibirin Fiji, ana karanta su minti 20 zuwa 30 kullum. Cikin wata takwas fahimtar karatun yaran ta ƙaru da ninkin abin da aka saba gani. Makarantar da ke karɓar kuɗin zango mai tsoka amma ba ta da akwatin littattafan labari ko ɗaya ba ta da bakin cewa Hausa ce ta hana ɗalibanta Turanci.

Tsoron iyaye na da tushe: da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da shi ake neman aiki. Don haka ne ya kamata a koyar da shi da gaske tun aji ɗaya, a matsayin darasin ji da magana na kullum a hannun malamin da ya iya shi, yayin da ake koya wa yaro karatu da rubutu da Hausa, harshen da ko 'ya'yan baƙi mazauna birnin da yawa ke wasa da shi a layi. Karatun Turanci ya biyo baya in haɗa baƙi ya zauna, sauran darussa kuma a juya su sannu a hankali a manyan ajujuwa. Kayan aikin ba daga farko za a fara su ba, domin shirin RANA da UNICEF ta kawo Katsina da Zamfara daga 2015 ya samar da littattafan koyon karatu da Hausa na aji ɗaya zuwa uku. Babban giɓin na wurin malamai ne. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma na yaye masu shaidar NCE kowace shekara, kuma bai kamata ɗayansu ya karɓi takardarsa ba sai an gan shi a gaban aji ya ɗauki shafin Turanci ɗaya, ya bi da yara ta cikinsa, har su faɗi abin da ke ciki littafi a rufe.