Teburin Sunuka: A Fito Da Shi Daga Lungu

A shekarata ta farko a jami'a, kawuna ya biyo ta Keffi a kan hanyarsa ta zuwa Abuja, ya ce bari ya tsaya ya duba ni. Bai same ni a ɗaki ba, sai wani maƙwabci ya yi masa kwatancen wata rumfar kwano a Angwan Lambu. Nan ya tarar da ni na sunkuya a kan tebur, riƙe da sanda, ina auna ƙwallo. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ashe karatun da aka turo ka yi ke nan?" Na ce, "Kawu, wasa ne kawai, ko kwabo ban sa ba." Ya ce, "Duk wanda ya lalace da haka ya fara." Kafin mako ya zagayo labari ya kai gida, aka rage mini kuɗin kashewa har ƙarshen zangon karatu.

Na ji haushi a lokacin, to amma yanzu na gane cewa kawu bai yi magana a banza ba. Abin da ya sani game da teburin sunuka shi ne abin da yawancin iyayenmu suka sani: matattarar zauna-gari-banza, wurin caca da hayaƙi da ashar. Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, laifin ba na tebur ba ne, na lungun da muka ajiye shi ne. Hujjata kuwa ita ce wata gasa ta ƙasa da ƙasa da ake yi a kan irin wannan tebur, wadda da wuya mai karatu ya taɓa jin labarinta.

Wane wasa ne wannan?

Mu nan duk wasan da ake yi da sanda da ƙwallaye a kan tebur sunuka muke ce masa, alhali kuwa iri-iri ne. Sunuka ta ainihi ƙwallo 22 gare ta: ja 15, masu launi 6, da fara guda. Wanda muke bugawa a rumfunanmu mai ƙwallo 16 ne, kuma sunansa daban a wurin masu shi. Akwai kuma na uku, wanda ake kira karom. Teburinsa ba shi da rami ko ɗaya, tsawonsa mita 2.84, faɗinsa mita 1.42, ƙwallayensa kuma uku ne kacal: fara, rawaya da ja. Ɗan wasa ɗaya ya ɗauki fara, ɗayan ya ɗauki rawaya.

A salon karom mafi wuya, ba za ka sami maki ba sai ƙwallonka ya taɓa sauran ƙwallayen biyu, kuma kafin ya isa ga na ƙarshen dole ya bugi bangon tebur aƙalla sau uku. Idan ka ci, ka ci gaba da bugu. Idan ka kuskure, abokin karawa ya karɓa. Wannan salo ni nake kira bango-uku. Wuyarsa ta kai inda gwanayen duniya ma, idan aka yi lissafi, maki ɗaya da rabi zuwa biyu suke samu a kowace shiga. A jikin katakon tebur akwai ɗige-ɗige da 'yan wasa ke lissafin kusurwa da su. Tun a 1835 wani masanin lissafi na Faransa, Gaspard-Gustave Coriolis, ya rubuta littafi sukutum a kan yadda waɗannan ƙwallaye ke juyawa da karo. Ashe abin da muke kira wasan banza, wasu a aji suke nazarinsa.

Gasar mutum biyu-biyu

Hukumar wannan wasa ta duniya, UMB, an kafa ta a 1959. Ban da gasar ɗaiɗaiku, tana shirya gasar ƙasashe, inda kowace ƙasa ke turo mutum biyu. An fara ta a 1981 a birnin Meziko, Japan ta ɗauki kofi. Daga 1990 gasar ta zauna a wani gari na Jamus mai suna Viersen, kusa da iyakar Holan, a cikin zauren taron garin. Annobar korona ce ta hana a yi ta a 2020 da 2021.

A shekarun farko, ban da Japan, ƙasashen Turai ne suka fi cin moriyar gasar. Suwidin ta sha ɗaukar kofi da gwaninta Torbjörn Blomdahl, Beljiyam kuma ta ci sau huɗu a jere daga 2012 zuwa 2015. Daga nan sai iska ta juya. Koriya ta Kudu ta ci a 2017 da 2018, Turkiyya ta ci a 2019 da 2022 da 2023, sannan a watan Maris na 2024 Biyetnam ta ɗauki kofin a karon farko, da 'yan wasanta Tran Quyet Chien da Bao Phuong Vinh.

Faifan wannan wasan ƙarshe na 2024 shi ne ya sauya mini tunani. Biyetnam ta kara da Sifen, kowace ƙasa ta ci wasa ɗaya, aka tafi raba gardama. A nan ake haɗa 'yan ƙasa ɗaya su biyun a kan tebur guda, wannan ya buga, wancan ya buga. Wato ba cin maki kaɗai ne aikinka ba, sai ka bar wa ɗan'uwanka ƙwallaye a inda zai iya ci. Da tazarar maki ɗaya tak aka tashi, 15 da 14. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗannan mutum biyu su ne suka kara da juna a wasan ƙarshe na gasar ɗaiɗaiku ta duniya a Ankara a 2023, inda Bao ya doke Tran. Bayan watanni kaɗan sai ga su a gefe guda, wanda aka kayar yana share wa wanda ya kayar da shi hanya. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban taɓa ganin fassarar wannan karin magana a fili kamar ranar ba.

Na duba zauren da kyau. 'Yan kallo sun yi tsit, alƙalin wasa na tsaye yana ƙirga maki, agogo na auna lokacin kowane bugu, 'yan wasa sanye da tufafi masu tsabta da tutar ƙasarsu. Sai na tuna rumfarmu ta Angwan Lambu. Sanda ita ce sanda, alli shi ne alli. Bambancin kawai shi ne can akwai doka da alƙali da idon jama'a, nan kuwa babu.

Kada mai karatu ya ce ai wannan harkar Turawa da mutanen Asiya ce. Masar ta daɗe a ciki. An yi gasar ɗaiɗaiku ta duniya a Alƙahira a 2018, aka sake yi a Sharm el-Sheikh a 2021, kuma ɗan wasanta Sameh Sidhom, wanda likitan haƙori ne, ya shiga sahun gwanayen duniya. Shi kansa garin Viersen mutanensa ba su kai dubu 100 ba, ƙidayar 2006 kuwa ta ba ƙaramar hukumar Keffi mutum fiye da dubu 90. Ba girman gari ya ba shi suna ba, riƙo da abu ɗaya ne shekara da shekaru.

Maganar kawu

To, sai mu koma ga maganar kawu, domin ba adalci ba ne in yi kamar ban ji ta ba. Gaskiya ne ana caca a rumfunan sunuka. Ana farawa da cewa wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin tebur, daga nan a ɗora ɗari biyu, a koma dubu. Na san ɗalibin da ya saka kuɗin rajistarsa a kan tebur da fatan ninkawa, ya tashi hannu rabbana, ya rasa zangon karatu guda. Na ga waɗanda suka bar lacca saboda wasa ya yi daɗi. Addini ya hana caca, al'ada ta ƙyamace ta, kuma duk uban da ya hana ɗansa zuwa irin wannan wuri yana da hujja.

Sai dai tambayata ita ce, hanin ya hana? Duk unguwar ɗalibai da ka shiga a garin nan za ka ji ƙarar ƙwallaye a bayan wani shago. Abin da ƙyamar ta haifar shi ne ta kori masu kamun kai daga wurin, ta bar tebur a hannun waɗanda ba ruwansu da abin da za a ce. Ai ana caca a kan ƙwallon ƙafa fiye da kowane wasa, ga shagunanta nan birjik a bakin titi, amma ba wanda ya ce a rufe filin ƙwallon jami'a. Abin da ake yi shi ne a raba wasan da cacar.

Wani kuma zai ce teburin karom tsada gare shi, ga shi ana ɗumama shimfiɗar dutsensa da lantarki don ƙwallo ya yi gudu daidai, mu kuwa wutar karatu ma ba ta ishe mu ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ce gobe mu tura mutum biyu Jamus ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da nake so mu aro daga can tsarin ne, tsari kuwa ba ya cin lantarki. Muna da misali a gida: wasan haɗa kalmomi na Scrabble, da aka ba shi ƙungiya da gasa da masu horarwa, sai ga Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a Perth ta Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi. Dambe da kokawa da langa ma da aka yi musu doka da alƙalai sun sami shiga bikin wasanni na ƙasa.

Abin da nake ganin ya kamata

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai mai sauƙi ce. A makon ɗalibai, a ɗauko hayar tebur ɗaya daga cikin waɗanda kafintocinmu ke haɗawa, a kafa shi a fili inda malamai da kowa zai gani. Kowane sashe ya ba da mutum biyu, a yi bugun karɓa-karɓa irin na Viersen. A sa alƙali, a rubuta maki a allo, a hana ɗora ko sisi, duk wanda aka kama a kore shi da sashensa. A tsayar da wasa lokacin salla da lokacin lacca. A buɗe wa 'yan'uwanmu mata nasu rukunin, domin wasa ne na ido da nutsuwa, ba na ƙarfin damtse ba, kuma rumfar lungu ce ta hana su kusantarsa. Dalilin da ya sa na nace a kan biyu-biyu shi ne, mai caca don aljihunsa yake bugu, amma wanda ke ɗauke da sunan sashensa, ga abokinsa na jiran ƙwallon da zai bar masa, ba shi da damar yin wasa da hankalin mutane.

Mu ɗaliban harshe kuma muna da namu aikin na musamman. Ka tsaya a kowace rumfa ka saurara, za ka ji Hausa ta tsaya a gaisuwa da zolaya, da an zo maganar wasa sai a koma Ingilishi ko buroka. Ƙwallon ƙafa bai zama namu ba sai da ma'aikatan rediyo suka ba mu bugun kusurwa, da satar gida, da mai tsaron raga, da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Da waɗannan kalmomi ne tsoho a ƙauye ke bin wasa da kunne har ya yi gardama. Magabatanmu a wannan fage sun nuna mana hanya da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990. Me zai hana mu gwada hannunmu a nan? Sanda da alli da rami muna da su. Na kawo bango-uku da bugun karɓa-karɓa. Saura sunan bugun da ke sa ƙwallo ya dawo da baya, da wanda ke sa shi ya bi na gabansa, da wanda ke karkatar da shi idan ya bugi bango. Wanda ke neman batun kundin kammala digiri, ga shi nan a bayan ɗakinsa: ya ɗauki littafi da biro ya tattaro kalmomin da 'yan wasa ke amfani da su, na aro da na gida, ya tantance su.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasan da ba za ka iya bayyana wa mahaifinka da harshensa ba, ba zai taɓa yarda wasa ne ba. Ranar da kawu ya same ni, abin da kawai na iya ce masa shi ne "wasa ne", domin ba ni da kalmomin da zan nuna masa lissafin da ke ciki.

Da na je gida hutun da ya wuce, na nuna masa faifan nan a waya, ina yi masa bayani da 'yan kalmomin da na ƙirƙira. Ya kalla har ƙarshe bai ce komai ba. Da ya miƙo mini wayar sai ya ce, "Waɗannan ai sun san abin da suke yi. Ku fa, wa ke ƙirga muku maki?" Ban sami amsar da zan ba shi ba. Ina fatan kafin makon ɗalibai mai zuwa shugabannin ƙungiyarmu za su taimake ni da ita.