An Saki Yaran, To Wa Aka Hukunta?

'Yan uwa, ranar 1 ga Nuwamba 2024 duk mun ga bidiyon nan na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. An gurfanar da mutum 76 kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, cikinsu har da yara ƙanana da aka kwaso daga Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa. Sun yi kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, haƙarƙarinsu duk a waje. Tuhumar kuwa wai cin amanar ƙasa, beli naira miliyan 10 kowane mutum ɗaya. Yaron da ko kuɗin motar komawa gida ba shi da shi!

Da surutu ya yi yawa, Shugaban Ƙasa ya ce a sake su, ya kuma ce a binciki jami'an da suka kama su suka tsare su. Kafin nan, hukumar 'yan sanda ta fito ta ce wai faɗuwar da yaran suka yi shiri ne. To ni tambayata ɗaya ce: ina rahoton binciken? Wane jami'i aka kira da suna aka ce ga laifinsa, ga hukuncinsa? An kai yaran fadar gwamnati, an ɗauki hoto, gwamnoni sun karɓe su, shi ke nan magana ta mutu.

Kuma kada wani ya ce mana babu doka. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, ko kwana biyu in da nisa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta kuma ɗora wa majistare ya riƙa leƙa caji ofis duk wata ya ga su wa ke cikin sel. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Fisabilillahi, a unguwarku yaushe rabon da ka ji majistare ya shiga caji ofis? Ga "beli kyauta ne" a manne a bango, amma jeka ka ɗauko ɗan'uwanka hannu rabbana ka gani.

Laifin ma bai tsaya kan 'yan sanda ba. Kotu ce ta ba su izinin ci gaba da tsare mutanen nan, lauyan gwamnati ne ya tsaya ya gabatar da ƙara yana kallon yaran.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne mu nan Arewa. A Oktoban 2020, matasan Kudu suka tashi har aka rushe SARS, gwamnoninmu kuwa suka fito suka ce su SARS ɗin tana musu amfani. Bayan shekara huɗu sai ga 'ya'yanmu a kwance a ƙasan kotu. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ɗan siyasar da ke kiran DPO a waya ya ce a ɗauke masa yaro saboda rubutun Facebook, ko wace hula ya sa, shi ne ke koya wa ɗan sanda cewa doka ba ta hau kansa ba. Na san akwai 'yan sandan kirki, wasunsu ma 'yan bindiga ke kashewa a daji kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Su ma rashin hukunta ɓata-garin ne ke zubar musu da mutunci.

Don haka ina kira ga shugabannin matasanmu na kowace mazaɓa: duk wanda aka kama, namu ne ko ba namu ba, a rubuta sunansa da rana da caji ofis ɗin, a miƙa wa lauyoyinmu kafin kwana biyu su cika. 'Yan majalisarmu kuma, da muka sha rana muka zaɓa, su tashi a zauren majalisa su nemi rahoton binciken nan a rubuce, da sunayen jami'an da ke ciki.