Blade Runner: fim ɗin da kallon gida ya raya, kada mu kashe shi da gutsuttsura

A watan Yunin 1982 ne fim ɗin Blade Runner na Ridley Scott ya fito a gidajen sinima na Amurka, amma bai yi kasuwa ba. Jama'a sun fi tururuwa wajen E.T., wanda shi ma ya fito a wannan watan. Kaset ɗin bidiyo ne ya raya shi. Mutane suka riƙa kallonsa a ɗaki suna maimaitawa, har aka sake fitar da shi a 1992, sannan a 2007 aka saki Final Cut, wanda Scott ya tace yadda yake so. Na biyunsa, Blade Runner 2049 na Denis Villeneuve, ya zo a 2017. Shi ma bai kawo kuɗin da aka yi tsammani a sinima ba.

A ganina dalilin ɗaya ne: finafinan biyu ba na gaggawa ba ne. Na farko yana ba da labarin mutanen da kamfani ya ƙera domin su yi aikin wahala a wasu duniyoyi, aka yanke masu shekara huɗu kacal na rayuwa. Da wasunsu suka gudo suna neman ƙarin kwana, sai aka tura Deckard, wato Harrison Ford, ya farauto su. A na biyu, ɗan sandan da Ryan Gosling ya fito a matsayinsa, shi kansa ƙirar kamfani ne, kuma aikinsa kashe ƴan uwansa.

Duk wanda ya taɓa cin rani a ƙasar da ake son ƙarfinsa amma ba a son ganin fuskarsa, ba sai an fassara masa wannan labari ba. Tambayar fim ɗin ita ce: wa ake ƙirgawa a mutum, kuma wa ke yanke hukuncin?

Abin da ke damuna shi ne yadda muke kallo a yau. Daga Maraɗi har Yamai, matashi zai ga taƙaitawar minti goma a TikTok ko Facebook, ya ce ya kalli fim. Na biyun ya haura awa biyu da rabi. In aka yanke shirunsa aka bar harbe-harbe, an zubar da nama an riƙe ƙashi.

Wani zai ce data tana da tsada, ga ɗaukewar wuta. Gaskiya ne. Amma fim ɗin da ke cikin waya ko kwamfuta ana iya tsayar da shi, a ci gaba gobe. Wannan damar ce ta ceci na farko.

Don haka a fara da Final Cut, sannan a bi da 2049. A kalla tare da abokai, a yi gardama a fada wajen shayi: shin Deckard mutum ne ko ƙira? Fiye da shekara 40 ke nan ana wannan musu, kuma mu ma muna da abin faɗa.