FILIN KIMIYYA DA SANA'A: Maganin Ƙara A Rediyon CB

Rediyon CB wani irin oba-oba ne da aka keɓe wa talakawan ƙasa domin su yi magana da junansu. A Amurka aka fara shi, inda hukumar sadarwa ta FCC ta ba shi tashoshi 23 a kan mita 11, watau megahaz 27, cikin 1958, sa'an nan ta ƙara su zuwa 40 a farkon 1977. Ƙarancin man fetur na 1973 shi ya fito da shi fili, domin direbobin manyan motoci sun riƙa shaida wa juna inda ake samun mai da inda hanya ta toshe. Har yau tasha ta 19 ita ce dandalin direbobi, ta 9 kuwa an ware ta don neman agaji.

To, amfanin wannan na'ura duka yana ga jin abin da aka faɗa. Direban da aka yi wa kashedi cewa mota ta faɗi a bayan kwana, amma shuuu da ƙara suka cinye maganar, shi da wanda ba shi da rediyon duk ɗaya ne. Mutane da yawa in sun ga haka sai su ɗora laifi a kan rediyon, su sayi sabo, alhali kuwa ciwon yana wani wuri dabam. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka aikin farko shi ne gano tsagar.

Gwajin ba shi da wuya. Mai rediyo ya kashe injin mota ya saurara, sa'an nan ya tayar da shi. In ƙara ta zo tare da tashin inji, to, daga motar take. Daga nan sai ya kwance wayar eriya daga bayan rediyon. In ƙarar ta ɗauke, ta eriya take shigowa. In ta ci gaba, ta wayar wuta take bi. Amma kada ya kuskura ya matsa makirufo ya yi magana muddin eriya tana kwance, domin yin haka yana iya ƙona rediyon.

Ita ma ƙarar tana faɗin asalinta. Wadda ke yin ƙas-ƙas-ƙas, tana ƙara sauri in an taka totur, daga fulogi take, maganinta kuwa fulogi da wayoyinsu irin masu hana ƙara. Wadda ke yin kuka siriri kamar na sauro, tana hawa da sauka tare da inji, daga altaneta take. Wannan ana rage ta da jawo wutar rediyon kai tsaye daga batir, da fis kusa da batirin, a kuma sa matacin ƙara a kan wayar. Cajar wayar hannu mai araha da fitilun LED su ma sukan watsa ƙara, saboda haka ya kamata a ciccire su ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin.

Bayan wannan sai eriya, domin abin da ba ta kamo ba, babu dabarar da za ta fito da shi. Cikakkiyar bulalar CB tsawonta inci 102 ne, gajerun kuwa naɗa waya ake yi a cikinsu don cike gurbin tsawon, kuma ba su kai ta ji ba. A kafa ta can sama, gindinta ya taɓa ƙarfen mota sosai, ba fenti ba tsatsa, domin jikin motar shi ne rabin eriyar. A duba wayarta kada ta matse a ƙofa, ko ruwa ya shige ta. In an auna da mitar SWR, a nemi adadin ya sauka ƙasa da 2.

Sai maɓallai. Kuskuren da aka fi yi shi ne murɗa na RF Gain har ƙarshe, wanda ke jawo ƙarar duniya tare da muryar da ake nema. In da na kusa ake magana, gara a rage shi har shuuu ya kwanta, sa'an nan a ƙara murya. Wannan ya fi amfani a shekarun da rana ke tsananta aikinta, abin da ke zagayowa kusan duk shekara 11, kamar yadda aka gani a 2024, lokacin da muryoyi daga ƙasashe masu nisa ke faɗowa su danne na gida. Maɓallin Squelch kuwa a murɗa shi a hankali, a tsaya daidai inda ƙara ta yanke. Wanda ya zarce nan ya toshe kunnensa daga mai neman taimako daga nesa. Na ANL da NB an yi su ne musamman don ƙarar fulogi.

Daga ƙarshe akwai lasifika. Wadda ke cikin rediyon ƙarama ce, kuma yawanci a ƙarƙashinsa take, tana fuskantar ƙafafun direba. Lasifikar waje mai om 8, wadda aka rataya kusa da kunne, sau da yawa ta fi duk wani gyara. A zaɓi wadda aka yi don magana, domin abin da ake bukata na muryar mutum yana tsakanin haz 300 da 3,000 ne, lasifikar kiɗa kuwa har shuuu ɗin take fitarwa tsaf.

Wanda ya bi waɗannan matakai daki-daki, ya gwada abu ɗaya kafin ya taɓa na biyu, zai tsirar da kuɗinsa, kuma ranar da aka yi kiran agaji zai ji shi sarai.