A Fitar Da Mu Zango Bakin Ruwan Chadi

Jama'a, akwai wata magana da na ga ya kamata in sa a gaban malamanmu da 'yan'uwana almajirai. Kowanenmu ya iya zana Tafkin Chadi a allo, ya kuma haddace cewa ƙasashe huɗu suka kewaye shi, watau Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Amma in aka tambaye mu wane irin tsuntsu ke kwana a bakinsa, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ga shi kuwa gobe mu ne za mu tsaya gaban yara muna koya musu labarin ƙasa. Don haka ra'ayina shi ne, a hutun hunturu a riƙa ɗibar 'yan ajin ƙarshe da tantuna, a kai su su yi zangon mako guda a bakin ruwan nan, gama gani ya kori ji.

Kada wani ya ce abin ya yi mana nisa. Ruwan saman da ya zuba a nan Tudun Wada Kogin Kaduna yake bi, ya faɗa Kwara, ya tafi teku. Wanda ya zuba a Kano kuwa gabas yake nufa, ya bi Kogin Haɗeja, ya gamu da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe, ya ƙare a Chadi, ba ya ganin teku har abada. Bandar da ake sa mana a miya ma, shekara da shekaru daga Baga ake lodo ta.

Tafkin nan abin mamaki ne. Yana bakin hamada, ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, duk da haka ruwansa na daɗi ne, domin yana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa yana tafiya da gishirin. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa Kogin Shari ke kawowa daga kudu. A 1823, da Baturen nan Denham ya iso bakinsa tare da Clapperton, ya tarad da kwasakwasa da gauraka da agwagi ba iyaka, ba su ko gudun mutum, ga kuma giwaye garke garke. Akwai dorina da kada, akwai giwan ruwa da bargi da tarwaɗa. A tsibiransa Buduma ke kiwon shanun Kuri, masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda kan yi iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman ciyawa.

To, a 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka cinye shi, har abin da ya rage bai kai ushirin wancan ba, ko da yake daga baya ya ɗan farfaɗo. Mu ma da hannunmu a ciki. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da kan cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Ban ce kada a yi noman rani a Kano ba, amma wanda zai koyar da amfanin madatsa ya cancanci ya ji ta bakin masuncin da ke ƙasa da ita.

Na san abin da Shugaba zai fara faɗi, kuma gaskiyarsa. Tun da fitinar Boko Haram ta tashi, balle bayan abin da ya auku a Baga cikin Janairu 1915 da shekara ɗari, watau 2015, ba mai hankalin da zai kwashi 'ya'yan mutane ya kai su gaɓar tafkin. Ni ma ban ce a je can ba. A sauka Dagona, a ƙasar Bade, wadda ke cikin gandun dajin Chadi da gwamnati ta kafa a 1991, bayan an nemi shawarar hukuma da ta Mai Bade a kan lafiyar hanya. Ruwan da ke tafiya Chadi ne, kuma da hunturu tsuntsayen Turai kan ƙetare Sahara su sauka nan dubbai, su cuɗu da ɗinya da kirinjijiya namu na gida.

Masu cewa yawon banza ne, su ne dai ba sa ƙorafi in an kashe kuɗin mota don wasan ƙwallo.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo, kada a tafi da bindiga ko danƙo. Kowa ya riƙe littafi da fensir, a tashi da asuba bayan salla, a zauna shiru a ƙirga abin da aka gani. Da rana a bi masunta a tambaye su sunan kowane kifi da kowane tsuntsu da Hausa da Badanci da Barbarci, a rubuta, domin yawancin sunayen nan ba su cikin littattafanmu. In aka dawo a ajiye rubutun a ɗakin karatu, 'yan baɗi su tafi da shi su gwada da nasu lissafin.

Tanti shida sun ishe mu, gero da wake kuwa daga sito za a auna, kamar yadda da ma za a ciyad da mu in muna nan.